Yadda Ake Sa Ƙaramar Hukuma Ta Yi Aikin Muhalli: Daga Koken Baki Zuwa Kasafin Kuɗi

Magudanar ruwan da ta toshe a bakin layinku ba ta san da Yarjejeniyar Paris ta 2015 ba. Shugabannin ƙasashe ne suka sa hannu a kan rage ɗumamar duniya, amma wanda zai yashe magudanar, ya kwashe bola, ya hana gini a kan hanyar ruwa, ya ware fili don itatuwa, a yawancin ƙasashe yana zaune ne a ofishin ƙaramar hukuma ko na magajin gari. Tun a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a birnin Rio na Birazil a 1992 aka gane haka. Babi na 28 na Ajanda 21, kundin da aka amince da shi a taron, ya nemi kowace ƙaramar hukuma ta zauna da mutanenta su tsara nasu shirin na kare muhalli. Yau fiye da shekara 30 ke nan, kuma har yanzu mutane da yawa ba su san cewa akwai kujerarsu a wannan zaman ba.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan: hukuma ba ta aiki da kuka. Da takarda take aiki, da kasafin kuɗi, da kwanan wata. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na mayar da kukanka ya zama waɗannan abubuwa uku.

Mataki na 1: Gano wanda wuƙa da nama ke hannunsa

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka binciki wace hukuma ce doka ta ɗora wa aikin da ya dame ka. Rabon aiki ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A wani wuri kwashe shara na ƙaramar hukuma ne, a wani kuma wata hukuma ce ta jiha ko lardi. Babban titi yana iya zama na gwamnatin tarayya, alhali ƙaramin layin da ya ɓulle daga jikinsa na ƙaramar hukuma ne, ga shi kuwa ruwa ɗaya ne ke bi ta kansu duka. Wanda ya kai koke ofishin da ba nasa ba, za a karɓe shi da fara'a, a ce za a duba, shi ke nan an binne maganar.

Ka je ofishin da ƙafarka ka yi tambaya uku: wane sashe ne ke kula da wannan aiki, wane ne shugaban sashen, kuma wane kwamitin majalisa ne ke sa masa ido. Ka rubuta amsoshin. Ka kuma san kansilan mazaɓarku, domin shi ne ke da bakin magana a zauren majalisa. Kada ka raina magatakarda ko sakataren majalisa. Shi ke tsara abin da za a tattauna a kowane zama, shi ya san ranar da ake rufe karɓar takardu, kuma sau da yawa yakan daɗe a kujerarsa fiye da waɗanda aka zaɓa.

Mataki na 2: Ɗauki matsala ɗaya

Idan ka shiga ofis ka ce ka zo ne a kan sauyin yanayi, za a gyaɗa maka kai, domin babu wanda zai iya sa hannu a kan takardar da ta ce a gyara yanayi. Amma idan ka ce gadar ruwan da ke mahaɗar tituna kaza ta yi ƙanƙanta, ruwa yana komawa cikin gidaje 40 duk damina, ka ba injiniya abin da zai auna, ka ba akanta abin da zai lissafa.

Matsalar da ta fi dacewa a fara da ita tana da alamu: ana ganinta da ido, ta shafi mutane da yawa, tana cikin hurumin hukumar, kuma za a iya gama ta cikin shekara ɗaya ko biyu. Juji da ake ƙonawa kusa da makaranta, tashar mota da babu inuwa, fitilun titi masu shan wuta da za a iya sauyawa da masu aiki da hasken rana, fadamar da ake cikewa ana gini a kai. Taura biyu ba ta taunuwa. In kun ci nasara a guda, ƙofar ta biyu za ta buɗu da sauƙi.

Kuma kada ka ɗauka ƙaramin aiki ba shi da alaƙa da babbar magana. Sharar abinci da ta ruɓe a juji tana fitar da iskar metan, wadda cikin shekara 20 take riƙe zafi kusan ninki 80 fiye da hayaƙin kabon. Wanda ya sa hukuma ta fara ware ruɓaɓɓiyar shara tana yin taki da ita ya yi aikin yanayi, ko da bai taɓa furta kalmar ba.

Mataki na 3: Tara hujja kafin ka tara jama'a

A nan ne yawancin masu koke ke yin sakaci. Sukan zo da zafin rai, ba su zo da shaida ba.

Ka sami littafi guda, ko fayil a waya, ka riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya faru. Ɗauki hoto daga wuri ɗaya, a tsaye a gurbi ɗaya, kafin ruwa da bayan ruwa, domin a iya kwatantawa. Yi alama a jikin bango inda ruwan ya kai, ka auna da tef. Ƙirga gidaje da shagunan da abin ya shafa, ka tambayi kowa asarar da ya yi, ka rubuta yadda ya faɗa ba tare da ƙarin gishiri ba. Ƙari ɗaya da aka kama ka da shi ya isa ya rushe sauran gaskiyar da ka kawo.

Wannan ba wasan yara ba ne. A Dar es Salaam ta Tanzaniya, daga 2015, ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni sun bi layi-layi suna zana taswirar magudanai da wuraren da ambaliya ke ci, a ƙarƙashin shirin Ramani Huria, suka ɗora bayanan a kan OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara bayani a kanta. Unguwannin da a da ba su fito sosai a taswira ba suka bayyana da magudanansu da inda suka toshe. Kai ma za ka iya yin irinsa a kan takarda ɗaya: zana layinku, nuna ta inda ruwa ke shigowa, inda yake tsayawa, da inda ya kamata ya fita. Tsofaffin unguwa sun san tsohuwar hanyar ruwa tun kafin a yi gini a kanta. Ka zauna da su, domin abin da ke kansu babu shi a kowane ofis.

Mataki na 4: Haɗa ƙaramin ayari

Mutum biyar zuwa goma masu zuwa taro sun fi mutum 300 da ke cikin zauren WhatsApp suna tura hoton babban yatsa. Ku raba aiki: mai rubutu, mai ajiye takardu, mai magana a gaban jami'ai, mai bibiyar ranakun zama. Ku nemo waɗanda matsalar ta fi ci, ba waɗanda suka fi iya magana kaɗai ba: mata masu sana'a a gida, masu haya, tsofaffi, masu naƙasa, da masu tsintar kayan bola. Waɗannan na ƙarshe sun fi kowa sanin sharar gari. A birnin Pune na Indiya, ƙungiyarsu mai suna SWaCH ta ƙulla yarjejeniya da hukumar birnin a 2008, suka zama su ne ke bi gida-gida suna karɓar shara a hukumance.

Shawara ɗaya da ba na sassautawa a kanta: kada ayarinku ya ɗauki launin jam'iyya. Ranar da aka ce ku yaran wane ne, rabin majalisa sun toshe kunne.

Mataki na 5: Karanta abin da hukumar ta riga ta rubuta

Nemi takardu huɗu: kasafin kuɗin bana da na bara, tsarin raya gari ko na amfani da filaye, bayanan zaman majalisa na watannin baya, da shirin muhalli ko na yanayi idan akwai. Birane da yawa sun shiga ƙungiyoyin biranen duniya masu aikin muhalli, irin su ICLEI, wadda aka kafa a 1990, ko C40, wadda ta soma a Landan a 2005, kuma shiga irin waɗannan yakan zo da alkawura a rubuce. In hukumarku ta taɓa yin irin wannan alkawari, kun sami igiya. Babu hujjar da ta kai ka karanto wa mutum maganar da shi ya sa wa hannu.

Idan an hana ka takarda, ka sani ƙasashe fiye da 100 suna da dokar 'yancin samun bayanai, kuma irin wannan doka takan sa wa hukuma wa'adin ba da amsa. Ƙa'ida ta 10 ta sanarwar da aka fitar a taron Rio ta tanadi abu uku ga ɗan ƙasa a harkar muhalli: samun bayani, shiga cikin yanke shawara, da damar zuwa kotu. A kanta aka gina Yarjejeniyar Aarhus ta 1998, wadda galibin ƙasashen Turai ke ciki, da ta Escazú ta 2018 ta yankin Latin Amurka da Karibiyan. Ka duba dokar ƙasarku, ka ambaci sashenta a cikin wasiƙar, ka nemi takarda takamaimai. "Ina neman kwafin kwangilar yashe magudanar titi kaza ta shekarar bara" ya fi "ina neman bayani a kan muhalli" sau ɗari.

Mataki na 6: Rubuta buƙata a shafi ɗaya

Shafi ɗaya, ba biyu ba. Sakin layi na farko ya faɗi matsalar da wurin. Na biyu ya kawo hujja a taƙaice, da adadi. Na uku ya faɗi abin da kuke so a yi, wa zai yi, kuma zuwa yaushe. Na huɗu ya faɗi gudummawar da ku za ku bayar, ko aikin gayya ne, ko kula da wurin bayan an gama. Hotuna da taswira da sa hannun jama'a su biyo baya a matsayin rataye.

Ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan, ka koma da shi gida. Na taɓa miƙa takarda ba tare da na karɓi wannan shaida ba, bayan wata biyu aka ce mini ba a taɓa ganinta ba, ban kuwa da bakin musu. Tun daga ranar ba na barin teburin sai na ji ƙarar hatimi.

Harshen wasiƙar ya zama na ladabi, amma ba na roƙo ba. Haƙƙi kuke nema, ba alfarma ba.

Mataki na 7: Halarci zaman majalisa

A ƙasashe da yawa zaman majalisar ƙaramar hukuma a buɗe yake ga jama'a, wasu ma sukan ware 'yan mintuna don mazauna su yi magana. Ka fara zuwa sau ɗaya ka zauna shiru, ka ga wa ake saurara in ya yi magana, wa ke adawa da wa, yaya ake gabatar da ƙudiri. Sannan ka nemi a sa ku cikin jerin masu magana.

Ka shirya maganar minti biyu ko uku, ka gwada ta a gida da agogo. Fara da labarin mutum ɗaya, ka bi shi da adadi, ka rufe da buƙata. Ku zo da yawa, amma mutum ɗaya ko biyu su yi magana. Kafin ranar, ka gana da kansilanku shi kaɗai ka ba shi takardar, domin babu ɗan siyasar da ke son a ba shi mamaki a bainar jama'a. Abin da kake nema daga zaman shi ne maganarku ta shiga rubutaccen bayanin zama, a kuma miƙa ta ga kwamiti da ranar da zai dawo da rahoto.

Mataki na 8: Bi kuɗin

Wannan shi ne matakin da ya fi duk sauran nauyi, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Majalisa tana iya amincewa da buƙatarku baki ɗaya, a tafa, a ɗauki hoto, amma in ba a ware mata kuɗi ba, ta zama tatsuniya.

Kasafi yana da zagaye. Sassa sukan miƙa ƙiyasinsu watanni kafin sabuwar shekarar kuɗi, sai a haɗa daftari, sai majalisa ta yi muhawara, sai a amince. Wanda ya zo bayan an amince ya makara da shekara guda. Don haka ka tambayi sashen kuɗi watan da ake karɓar ƙiyasi, ka ƙirga baya wata biyu, ka sa wannan ranar a matsayin wa'adin kammala takardunku. Tun ran gini ake zane.

Idan ka buɗe kasafin, ka bambance kuɗin manyan ayyuka da kuɗin gudanarwa. Gina magudana babban aiki ne, yashe ta duk shekara gudanarwa ce. Hukumomi sun fi son na farko domin ana yanka masa kirtani a buɗe shi da biki, na biyun kuwa babu mai ɗaukar hotonsa. Amma magudanar da ba a yashewa, cikin damina biyu ta koma juji. Ku nemi duka biyun a rubuce. Sannan ku kwatanta abin da aka ware bara da abin da aka kashe a zahiri, domin a tsakanin waɗannan lambobi biyu ne ayyuka da yawa ke ɓacewa.

Ka koyi yi wa mai riƙe da lalita magana da harshensa. Fitila mai amfani da hasken rana tana rage kuɗin wuta ko na mai duk wata. Yashe magudana kafin ruwa ya fi gyaran titin da ruwa ya cinye araha. Irin wannan lissafi yakan shiga kunnen da maganar narkewar ƙanƙara ba ta shiga.

Akwai kuma wuraren da jama'a ke raba wani kaso na kasafin da kansu. Birnin Porto Alegre na Birazil ne ya fara wannan a 1989, inda mazauna unguwanni ke taruwa su jera ayyukan da suka fi buƙata, kuma ruwan sha da magudanai suna cikin abin da unguwannin talakawa suka fi amfana da shi. A 2014 magajiyar garin Paris, Anne Hidalgo, ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin manyan ayyuka domin mazauna su kawo shawara su kuma jefa ƙuri'a. In babu irin wannan tsari a wurinku, neman a gwada shi da ɗan ƙaramin kaso buƙata ce mai kyau a shekara ta biyu, bayan kun yi suna da aikin farko.

Mataki na 9: Gane taron gaske da taron shan iska

Da zarar kun fara motsi, za a soma gayyatarku tarukan jin ra'ayi. Wasu na gaske ne, wasu kuwa an riga an gama komai, sa hannunku kawai ake so a takardar halarta. Tun a 1969 wata Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kwatanta shigar jama'a da tsani mai matakala takwas, daga yaudara a ƙasa, zuwa jin ra'ayi na jeka-na-yi-ka a tsakiya, har zuwa inda jama'a ke da iko a sama. Tambaya biyu ke nuna maka matakalar da aka ajiye ku: mene ne har yanzu za a iya sauyawa a wannan shiri, kuma yaushe za a ba mu amsa a rubuce a kan abin da aka ɗauka da abin da aka bari?

Wani salo da ya yaɗu shi ne majalisar 'yan ƙasa da ake zaɓa ta hanyar ƙuri'ar sa'a, a haɗa maza da mata, matasa da tsofaffi, su saurari masana sannan su ba da shawara. Ƙaramar hukumar Camden a Landan ta yi irin wannan a kan yanayi a 2019 da mutum kusan 50, suka fito da shawarwari 17. Faransa ta yi na ƙasa baki ɗaya da mutum 150, suka miƙa shawarwari 149 a 2020, amma da aka zo yin doka an rage wa da yawa daga cikinsu ƙarfi, abin da ya ɓata wa mahalartan rai. Don haka in za a kafa irinta a garinku, ku nemi alkawarin yadda za a yi da sakamakon tun kafin zaman farko.

Mataki na 10: Bibiya bayan an watse

Dashen itace ne ya fi nuna wannan. Ranar dashe kowa yana nan da sabon shebur. Bayan wata shida, awaki da fari sun gama da rabi, babu wanda ya koma ya duba. Birnin Freetown na Saliyo, wanda zaftarewar ƙasa ta kashe masa mutum fiye da 1,000 a 2017, ya ƙaddamar da shirin dasa itace miliyan ɗaya a 2020 a ƙarƙashin magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr. Abin koyi a shirin ba yawan itatuwan ba ne. Mazauna unguwanni ne ke renon su, ana ɗaukar hoton kowane itace da waya tare da gurbinsa, ana kuma biyan masu renon a kan ci gaba da kulawa. Wato abin da ake ƙirgawa shi ne wanda ya rayu. Ku ma ku nemi a rubuta wa zai yi ban ruwa, wa zai yi shinge, da adadin da ake sa ran samu a raye bayan shekara.

Haka batun zafi. Bayan tsananin zafin watan Mayu na 2010 ya kashe mutum fiye da 1,300 a Ahmedabad ta Indiya, hukumar birnin ta fito da shirin tunkarar zafi a 2013: gargaɗi tun kafin ranar, shirya asibitoci, samar da ruwan sha, daga baya kuma shafa farin fenti a rufin gidaje. Irin wannan shiri ba ya rayuwa sai an tashe shi kowace shekara kafin bazara, kuma masu tuna wa hukuma su ne mazauna.

In aikin gini ne, ku nemi sunan ɗan kwangila, kuɗin aikin, faɗi da zurfin da aka amince, da ranar gamawa. Ku je da tef ɗinku ku auna. Abin da ya saɓa, ku rubuta wa injiniyan hukuma tun kafin a biya kuɗin ƙarshe, domin bayan an biya sai dai labari. In an yi shiru, ku aika tunatarwa mai ɗauke da kwanan watan wasiƙar farko. In shirun ya yi tsawo, sai ku hau sama: hukumar da ke sa ido a kan ƙananan hukumomi, ofishin karɓar koke-koke, mai binciken kuɗi, sannan 'yan jarida. Kotu ta zama ta ƙarshe, don tana cin kuɗi da lokaci. Ranar da kuma aka yi aikin yadda ya kamata, ku rubuta wasiƙar godiya ku ambaci sashen da ya yi, ku karanta ta a zaman majalisa. Jami'in da aka yaba wa a fili yakan ɗaga waya in kun sake kira.

Zaɓe zai zo, kansila zai tafi, shugaban sashe zai sami canjin wurin aiki. Ku ajiye kwafin komai a wuri biyu, ɗaya a takarda ɗaya a waya, a hannun mutum biyu daban. A makon farko da sabon kansila ya kama aiki, ku kai masa fayil ɗin, da shafi ɗaya a sama mai nuna abin da aka yi alkawari, abin da aka gama, abin da ya rage, da watan da za a fara karɓar ƙiyasin kasafi mai zuwa.